Talabijin mai dogon faɗi ta 21:9: ta cancanci a saka ta a falon gida?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Daura ne, na kusa tarewa a sabon gida, falon kuma mita 4 ne da mita 5. Abin da ke ba ni haushi da filasmar da nake da ita, duk fim ɗin Indiya ko na Amurka da na sa sai baƙin layi ya tare sama da ƙasa, hoton ya tsuke a tsakiya. Wani abokina ya ce akwai talabijin mai dogon faɗi, wai 21:9, wadda fim ke cika ta tam. Mu dai a gida muna kallon ƙwallo da Arewa24 da labarai, da tafsiri in azumi ya zo, yara kuma da katun ɗinsu. In sa a nemo mini ita, ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga a sa'a. Idan na fahimce ka, Malam, baƙin layin nan ne matsalarka, kana kuma so ka ji ko canza siffar allon zai raba ka da shi. Amsata ita ce kada ka saya. Kuɗin da za ka zuba wajen nemanta, ka ƙara girman talabijin ta yau da kullum da su. Amma da yake abokin naka bai yi ƙarya ba, akwai irin wannan talabijin kuma tana cika da fim, bari mu bi lissafin a hankali ka ga inda gizo ke saƙar.

Daga ina baƙin layin yake zuwa?

Lambobin nan, 4:3 da 16:9 da 21:9, faɗin allo ne a kan tsayinsa. Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya 4:3 ce, ta kusa zama murabba'i. Filasmar da ke falonka 16:9 ce, wato in ka raba faɗinta da tsayinta za ka samu 1.78. Manyan fina-finan sinima kuwa, na Indiya da na Amurka, galibi ana ɗaukar su a 2.35 ko 2.39. Wannan faɗin ya samo asali ne tun 1953, lokacin da masu fim a Amurka suka ga talabijin na janye musu 'yan kallo, sai suka fito da tsarin CinemaScope don su ba mutane abin da akwatin gida ba zai iya ba su ba. Shi kansa 16:9 sulhu ne. Wani injiniya mai suna Kerns Powers ya kawo shi a shekarun 1980, a matsayin tsaka-tsaki tsakanin 4:3 da faɗin sinima, don kowane irin hoto ya samu wurin zama ba tare da an yi asarar allo da yawa ba.

Saboda haka baƙin layin ba lalacewa ba ce, kuma ba a rage maka komai daga fim ɗin ba. Hoto ne mai faɗi aka zaunar da shi cikin allon da bai kai shi faɗi ba, sai wuri ya ragu sama da ƙasa. Wajen kashi 25 cikin 100 na allon ke zama baƙi. Talabijin ɗin da ake kira 21:9, wadda ainihin awonta 64:27 ne ko 2.37, an ƙera ta ne don ta cike wannan giɓin.

To amma duba jerin abubuwan da ka ce kuna kallo. Ƙwallo, Arewa24, labaran NTA, tafsiri, katun, duk a 16:9 ake aiko su, wasu ma a 4:3. Babu dikodar DStv ko GOtv ko StarTimes ko ta dish ɗin kyauta da ke fitar da hoton 21:9. Da zarar ka sa ƙwallo a kan allon 21:9, baƙin ya tashi daga sama da ƙasa ya koma dama da hagu, kuma kashi 25 ɗin nan ne dai bai ragu ba. An gudu ba a tsira ba. Bambancin kawai, yanzu kana ganin baƙin ne in ka sa fim da dare, a can kuwa da shi za ka wuni. In kuma aka sako tsohon fim ɗin Hausa na zamanin kaset, mai 4:3, sama da kashi 40 na allon zai zauna babu komai.

Ɗauko tef mu auna

Inci ɗin da ake rubutawa a kwali daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Allo mai dogon faɗi yana tara inci da yawa alhali gajere ne, ido kuwa tsayin hoto yake ji a matsayin girma, musamman in fuskar mutum ce ke magana.

Ɗauki 21:9 mai inci 58, wadda tana cikin manyan da aka taɓa yi don gidaje. Faɗinta wajen santimita 136, tsayinta 57. Talabijin ta yau da kullum mai inci 55 tana da faɗin 122 da tsayin 68. In ka ninka, za ka ga mai inci 55 ɗin ta fi mai 58 yawan gilashi. Ka sa ƙwallo a mai 58 ɗin, hoton zai tsaya a faɗin 102 da tsayin 57, daidai da abin da talabijin mai inci 46 ke bayarwa. Ka biya kuɗin babba, kana kallon Firimiya a matsakaiciya.

A wajen fim kam, mai inci 58 ɗin ta fi mai inci 55: ita za ta ba ka 136 da 57, mai 55 kuma 122 da 51. Amma hau mataki ɗaya zuwa inci 65. Faɗinta 144, tsayinta 81. Fim ɗin sinima a kanta zai fito da faɗin 144 da tsayin 60, da baƙin layi na wajen santimita 10 sama da 10 ƙasa. Ka lura, duk da baƙin layin, fim ɗin ya fi girma a kan abin da 21:9 ɗin ta bayar tana cike tam. In an koma ƙwallo kuma, tsayin 81 ne a kan 57. Ta doke ta a gida, ta doke ta a waje. Wannan lissafin shi kaɗai ya isa ya yanke hukunci a falo irin naka, inda mai zama a doguwar kujera zai kasance wajen mita 3 daga bango. Ƙa'idar da ake bi ita ce nisan zama ya kasance tsakanin ninki 1.2 zuwa 1.6 na awon kusurwar allo. Inci 65 santimita 165 ne, ke nan mita 2 zuwa 2.6. A mita 3 ko inci 75 ba ta yi yawa ba, hoton inci 46 kuwa sai an ƙura ido kafin a karanta sakamakon wasa.

Dabarun cika allo da abin da suke ci

Mai sayarwa zai ce maka ai akwai maɓallin da ke cika allon. Akwai, hanya biyu ce, kowace da kuɗinta. Ta farko a ja hoton dama da hagu. Daga 1.78 zuwa 2.37 ƙarin kashi ɗaya cikin uku ne, sai ka ga kowa ya yi ƙiba, fuskar mai karanta labarai ta baje, da'irar tsakiyar fili ta daina zama da'ira. Wasu talabijin ɗin na yin wayo, su bar tsakiya yadda yake su ja gefe kawai, amma da kyamara ta bi ƙwallo za ka ga ɗan wasa yana kumbura in ya nufi gefen allo, ya sake ramewa in ya dawo tsakiya. Ta biyu a zuƙo hoton har ya cika faɗin, sai a yanke kashi ɗaya cikin takwas a sama, ɗaya cikin takwas a ƙasa. A saman nan ake rubuta ci da minti, a ƙasan nan labarai ke gudana, nan kuma ake sa sunan malamin da ke tafsiri da ayar da ake kai.

Ko a fim ɗin ma da aka yi ta dominsa, akwai abin da ba a faɗa. Faifan Blu-ray, da mafi yawan fina-finan da ake tura wa mutane a filash, an adana su ne a ɗigon hoto 1920 a faɗi da layi 1080 a tsayi, baƙin layin kuma yana cikin hoton a manne. Ainihin fim ɗin layi 800 ne ko kusa da haka, sauran wajen 140 sama da 140 ƙasa baƙi ne. Talabijin ta 21:9 mai 2560 da 1080 sai ta gano baƙin, ta yanke shi, ta buɗa layi 800 ɗin su cike 1080. Ba ta ƙara wa hoton kyau ko ɗigo ɗaya ba, ta dai hura shi. Talabijin 4K ta yau da kullum, in ta samu fim na 4K, tana nuna shi a 3840 da wajen 1600, wanda ya fi wancan nesa ba kusa ba. Sannan fassarar da ake rubutawa a ƙasa sau da yawa cikin baƙin layin take zama, in an yanke shi ta tafi. Ga mai kallon fim ɗin Indiya da ba a fassara da baki ba, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Akwai kuma wanda ya fi ban haushi. Wasu masu shirya fina-finanmu na YouTube suna ɗora baƙin layi da kansu don aikin ya yi kama da na sinima, su fitar da shi a 16:9. In allon bai iya gano haka ba, sai ya ƙara nasa baƙin a gefe, ka samu hoto ɗan ƙarami a tsakiya, baƙi ya kewaye shi ta fuska huɗu. Wasu sababbin fina-finan kuma suna canza faɗi a tsakiyar kallo, wasu shirye-shiryen Netflix ana yin su a 2:1, wanda bai cika ko wanne allo ba. Babu siffar allon da za ta dace da komai.

Me ya sa ba ka ganinta a shago?

An gwada, kasuwa ce ta ƙi. Philips ya fito da Cinema 21:9 mai inci 56 a 2009, ya daina yin ta a 2012 saboda ƙarancin masu saye. Vizio ya fitar da mai inci 58 a Amurka a 2012, ita ma ba ta yi nisa ba. A 2014 LG da Samsung sun nuna masu inci 105 masu lanƙwasa, a kan dala dubu 100 zuwa sama, abin nuna bajinta ne kawai. Masana'antun allo suna yanko shi ne daga ƙaton faranti na gilashi, kamar yadda tela ke lissafin shadda don kada ƙyalle ya yi yawa, kuma galibin lissafinsu na talabijin a kan 16:9 yake domin shi duniya ke saye. Abin da aka yi kaɗan dole ya yi tsada.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi damun mai gyara. In aka ce an samo maka talabijin 21:9 yau, ko a Sabon Gari ta Kano ko a Alaba ta Legas, to mai yiwuwa ɗayan uku ne. Ko tsohuwa ce ta hannu da ta haura shekara goma, ko allon kwamfuta ne, ko kuma irin dogon allon talla da ake rataye wa a bankuna da filin jirgi. Ta hannun ita ce mafi haɗari. Abin da ya fi mutuwa a talabijin a garuruwanmu fitilun bayan allo ne, saboda zafin Maris zuwa Mayu, sai bod ɗin wuta saboda hawa da saukar wutar NEPA. Na inci 43 ko 55 ko 65 ana samun su a Katsina, in ya yi wuya a aiko daga Kano. Na 21:9 kuwa tsawon sandar fitilar daban ne, bod ɗin da ke rarraba hoto daban ne, in kuma yaro ya jefi gilashin da rimot, magana ta ƙare, don babu inda za a ciro irinsa.

Kafin ka ba da ko sisi, a sa tef a auna gilashin kaɗai ban da firam, a raba faɗi da tsayi. In ya ba da 1.78, talabijin ce irin taka aka yi wa sabon suna. In ya ba da 2.3 zuwa 2.4, juya bayanta ka duba ko akwai ramin eriya da na wayoyin nan ja da fari da ruwan ɗorawa. In babu, allon kwamfuta ne ko na talla.

Inda faɗin yake da amfani

Ba na kushe 21:9 gaba ɗaya. A kan tebur abu ne mai kyau ƙwarai. Mai haɗa bidiyon biki, mai lissafin shago da ke buɗe Excel gefe guda da rasit gefe guda, mai zanen gini, duk za su ji daɗin allo mai inci 34 da 3440 da 1440. Amma faɗinsa santimita 80 ne, tsayinsa wajen 34, daidai da tsayin allo mai inci 27. An yi shi ne don mutum ɗaya da ke zaune ƙasa da mita ɗaya daga gare shi. Galibi ba shi da rimot, lasifikarsa in ma akwai ba ta da ƙarfi. Masu lanƙwasa za ka ga an rubuta 1800R ko 1000R, ma'ana lanƙwasar ta da'ira ce mai nisan milimita 1800 ko 1000 daga tsakiya, wanda ya zauna a tsakiyar shi ke morewa, na gefe sai ya ga hoton ya karkace. Ko wasan gem ma, sai na kwamfuta. PlayStation 5 hoton 16:9 take fitarwa, don haka yaran gidan ba za su ƙaru da komai ba.

Wanda kuma yake da ɗaki na musamman don fim kaɗai, mai labule mai kauri, hanyarsa majigi ce ba talabijin ba, domin a farin bango babu firam ɗin da zai nuna maka inda hoto ya tsaya. Sai dai majigi mai ƙwan fitila yana jan wat 200 zuwa 300, yana son fankarsa ta gama huce shi kafin a yanke wuta, abin da NEPA ba ta jira, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatarsa. Ba na ba mai falo ɗaya shawararsa.

Abin da za ka yi da baƙin layin

Fara da filasmar da ke hannunka, don sau da yawa rabin matsalar daga saiti take. Shiga saitin dikoda, wurin da aka rubuta Aspect Ratio ko TV Type, ka tabbatar yana kan 16:9. In an bar shi a 4:3 Letterbox, dikodar za ta riƙa ƙara baƙin layi a kan abin da bai kamata ya samu ba. Sa ƙarfin hoton a 1080i in tana da shi, ka haɗa da wayar HDMI maimakon mai kai uku. A talabijin ɗin kuma ka zaɓi 16:9 ko Original. In bayan haka ƙwallo ta cika allo, fim ne kaɗai ke da layi, to komai lafiya yake.

Abin da ke sa layin ya tsone ido shi ne ba baƙi ba ne sosai, toka-toka ne, saboda fitilar baya na ci gaba da haskawa ta bayansa. Rage Backlight zuwa rabi da dare, wannan ma zai ƙara wa fitilun kwana. Kada ka kashe wutar falo ɗungurungum, ka sa ɗan ƙaramin ƙwai mai laushin haske a bayan talabijin ɗin yana haska bango, sai ido ya ga layin ya ƙara duhu.

In za ka sayi sabuwa, irin gilashin ya fi sunan kamfani muhimmanci a wannan batu. Gilashin VA baƙinsa ya fi duhu, amma launinsa na koɗewa in an kalla daga gefe. Na IPS yana riƙe launi ta kowane gefe, baƙinsa ne ke yin toka. Ka san yadda muke jera kujeru a jikin bango, mutum biyu ko uku ne kaɗai ke fuskantar allo, sauran daga gefe suke, yara kuma a kan kafet suna kallon sama. In haka falonka zai kasance, IPS ya fi yi wa kowa adalci. In kai da uwargida ne ke kallon fim da dare a doguwar kujera, VA mai iya rage hasken sashe-sashe, abin da suke rubutawa Local Dimming, ita ce taka. OLED kuwa baƙinta baƙi ƙirin ne, a ɗaki mai duhu layin ɓacewa yake yi, sai dai tsada, kuma tambarin tashar da ke wuni a kusurwa ɗaya na iya barin tabo a kanta in an daɗe. Zaɓi tsakanin ukun nan ya danganta da inda tagoginka suke da yadda za ka jera kujerun, wannan kai ne za ka duba da idonka. Farashi kuma yana bin dala, sai ranar da ka shiga kasuwa.

Ka tafi shago da filash ɗinka, da fim mai duhu a ciki da guntun wasan ƙwallo. Bidiyon furanni da tsuntsaye da suke sawa an yi shi ne don ya ƙawata kowane allo, ba girin-girin ba, ta yi mai. Sa fim ɗin ka duba kusurwa huɗu ko haske na tsiyayowa cikin baƙin layin. Matsa gefe, sannan ka tsuguna, ka ga ko fuskokin mutane sun yi fari.

Duba takardar da ke manne a bayanta don ka ga wat nawa take ja, musamman in sola za ka dogara da ita. A ce wat 150 ne, kallon awa 5 ya zama 750Wh, wato wat sau awa. Batir mai 12V da 200Ah yana ɗauke da wajen 2400Wh, kuma in na ruwa ne rabin wannan ya kamata a taɓa, ka ga talabijin ita kaɗai ta ci fiye da rabin abin da ke hannu, ba a sa fanka ba. Kada a jona ta kai tsaye da soket, a sa mata na'urar da ke jinkirta wuta in an kawo, ko sitabilaiza in wutar unguwarku mai rauni ce.

Wajen kafawa, tsakiyar allon ya zo daidai idon wanda ke zaune, wajen mita 1 zuwa 1.2 daga ƙasa. Masu kafawa da yawa suna kai ta can kusa da silin, kowa ya tashi da ciwon wuya. A bar tazara tsakaninta da bango don iska ta ratsa, kada kuma ta fuskanci taga. In daga Katsina ko Kano za a ɗauko ta zuwa Daura, ta taho a tsaye cikin kwalinta da kumfarta, a ɗaure don kada ta yi rawa. Gilashin inci 65 in aka kwantar da shi a bayan mota, rami ɗaya ya isa ya tsaga shi ta ciki, ba kuma za a gani ba sai an kunna. Don haka a kunna ta a gabanka a shago, a rubuta lambar jikinta a rasit, a sake kunnawa da an sauke kafin direba ya tafi.